Kwaskwarimar Gidaje a Birnin Zariya: Tasirinta a Kan Muhalli da Makamashin Unguwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya bi titi har Babban Dodo, sa'an nan ya ratsa lungunan Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona, zai lura da cewa gidajen da ke cikin ganuwa ba su tsaya a kan kamarsu ta da ba. A nan an kware soro an buga kwano, a can an rushe katangar ƙasa an ta da ta bulo, a gaba kaɗan kuma an shafe tsohon zaure da siminti, an malale tsakar gida da kankare. Kowane maigida ya yi nasa ne a lokacin da ya sami hali, kuma da kyakkyawar niyya. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan canji, amma idan aka tattara shi wuri guda za a tarar ya sake wa unguwanni kama gaba ɗaya.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana abin da irin wannan kwaskwarima take jawowa ta fuskar zafi, da buƙatar wutar lantarki, da ruwan damina, da kayan gini. Abin da muke nufi da kwaskwarima a nan shi ne gyaran da ake yi wa ginin da yake tsaye ana zaune a cikinsa, domin a ƙara masa ƙarko ko daɗin zama. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa gyaran gida ɗaya-ɗaya da ake yi a Birni yana maganin yoyo, amma yana haifar da zafi da tsadar wuta da ambaliya, kuma ba za a ci moriyar gyara sosai ba sai an ɗauki unguwa, maimakon gida, a matsayin abin da ake gyarawa.

2.0 Yadda Ginin Gargajiya Yake Ma'amala da Yanayi

Kafin mu auna abin da aka canja, ya kamata mu san abin da aka tarar. Zariya tana samun ruwan sama na kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin watan Mayu da na Satumba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, da ƙura da sanyin dare, sai kuma bazara a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana yakan kai digiri 35 ko fiye a ma'aunin Salshiyos. Abin lura shi ne, a lokacin rani akwai tazara mai yawa tsakanin zafin rana da sanyin dare, kuma a kan wannan tazara ce ginin ƙasa ya dogara.

Magina suna kwaɓa birji, su mulmula tubali, su shanya shi a rana, sa'an nan su jera shi su ta da bango mai kauri a gindi wanda yake sirancewa yayin da yake yin sama. A kan bangon ake shimfiɗa azara, watau katakon giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba, a zuba ƙasa, a shafe da laso, a kafa indararo domin zubar da ruwa. Bangon waje kuwa ana yi masa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Irin wannan bango da irin wannan rufi ba sa barin zafi ya ratsa su nan take. Sukan shanye shi a hankali, har ya ɗauki awa 8 zuwa 12 kafin ya isa cikin ɗaki. Saboda haka da azahar, lokacin da waje yake ƙuna, cikin soro yana da sanyi. Da dare kuma a lokacin hunturu ɗakin yana da ɗumi ba tare da an shigar da kaskon wuta ba.

Ba mu ce wannan gini ba shi da aibi ba. A daren bazara bangon yakan mayar da zafin da ya sha da rana, shi ya sa mutane suke kwana a tsakar gida. Tagoginsa ƙanana ne, haske da iska ba sa wadata. Mafi girman aibinsa kuwa shi ne yana bukatar yaɓe da duba rufi kowace shekara kafin faɗuwar damina, in kuwa aka yi sakaci, ruwan Agusta yana iya kawo shi ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa jama'a suka karkata ga kwano da siminti, kuma dalili ne mai ƙarfi wanda bai kamata malamai su raina shi ba.

Har ila yau, gyara ba baƙon abu ba ne a Birni. Friedrich Schwerdtfeger, a littafinsa na 1982 wanda ya kwatanta gidajen Zariya da na Ibadan da na Marrakesh, ya nuna cewa gidan Birni ba a gama shi rana ɗaya: yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon yadda iyali suke ƙaruwa ko raguwa. Ke nan abin da ya canja a zamaninmu shi ne kayan da ake gyaran da su.

3.0 Ire-iren Kwaskwarimar da Ake Yi da Sakamakonsu

3.1 Kwano a Madadin Soro

Da tsakar rana a lokacin bazara, kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar zafin rana da ya kusa wat 1,000. Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 yana da rufi na murabba'in mita 12, watau yana karɓar kusan wat 12,000, kwatankwacin a jona dutsen guga 12 a lokaci guda. Tsohon kwano da ya dushe ko ya yi tsatsa yana shanye fiye da kashi biyu cikin uku na wannan zafi, jikinsa yakan wuce digiri 60, kuma da yake falle ne marar kauri, cikin 'yan mintoci yake sauke zafin a kan waɗanda suke ƙarƙashinsa. Idan babu silin, ɗakin ba ya zaunuwa daga hantsi har la'asar. Waɗanda wannan ya fi shafa su ne mata da ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya, domin su ne suke wuni a cikin gida.

3.2 Bulo da Shafen Siminti

Bulo mai rami, na inci 6 ko inci 9, ba ya riƙe zafi kamar bangon ƙasa, yana ɗaukarsa da wuri ya shigar da shi da wuri. Amma abin da ya fi wannan haɗari shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. Ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, siminti kuwa yana toshe hanyar fitar. Da zarar shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa, sai ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ɓoye alhali fuskar bangon tana nan sumul. Maigida ba zai ankara ba sai ranar da shafen ya ɓamɓaro ko bangon ya zauna. Yaɓen gargajiya yana nuna lalacewarsa a fili, a gyara. Shafen siminti yana ɓoye ta.

Akwai kuma nauyin da siminti yake ɗora wa muhalli tun kafin ya iso Zariya. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma kowane buhu mai kilo 50 yana barin hayaƙin kabon na tsakanin kilo 30 da 40 a sararin sama. Masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan hayaƙi a duniya. Bayan haka sai a ɗauko shi a tirela daga Obajana ko Sakkwato ko Ashaka, tafiyar ɗaruruwan kilomita, a haɗa da yashin da ake haƙowa daga koguna. Tubali kuwa rana ce take busar da shi, kuma idan bango ya faɗi, ƙasarsa ake sake kwaɓawa a mayar. Saboda haka duk bangon ƙasa mai lafiya da aka rushe, an yi asara sau biyu: an zubar da abin da ba ya cin makamashi, an sayo wanda ya ci.

3.3 Cike Kududdufai da Malale Tsakar Gida

Kududdufan Birni ramuka ne da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan unguwa. Gaskiya ne suna tara sauro da shara, kuma yara sukan faɗa ciki. Amma da aka shiga cike su ana gini a kai, aka kuma malale tsakar gidaje da kankare, sai ruwan ya rasa inda zai nitse. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama na milimita 50 da ya sauka a kan rufi mai murabba'in mita 100 ya zama lita 5,000, kuma kwano yana zubar da shi kusan dukkansa cikin ɗan lokaci. Wannan ruwa lungu yake bi, kuma gindin bangon maƙwabci wanda bai sami halin canja nasa ginin ba shi yake fara ci. Ta haka gyaran mai hali yakan zama sanadin rushewar ɗakin marar hali.

4.0 Lissafin Makamashi a Matakin Unguwa

Ɗakin da ya yi zafi yana neman fanka, wanda ya fi ƙarfin fanka kuma yana neman na'urar sanyaya ɗaki. Domin a ga girman al'amarin, bari mu ƙaddara wata unguwa mai gidaje 200. Wannan misali ne na lissafi kawai. Fankar sama tana cin kimanin wat 70. Idan kowane gida yana kunna guda 3, unguwar tana bukatar kilowat 42. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana cin kusan wat 1,000, watau idan kowane gida ya sa guda ɗaya tak, an ƙara kilowat 200 a kan taransifomar da kowa yake sha daga gare ta, kuma a daidai lokaci guda, domin zafi ba ya zaɓar gida. Wannan yana daga cikin dalilan da suke sa wuta ta yi rauni ko taransifoma ta ƙone a tsakiyar bazara. Daɗin daɗawa, na'urar ba ta kashe zafi, fitar da shi take yi zuwa lungu, inda maƙwabci yake shimfiɗa tabarmarsa.

Idan wuta ta ɗauke sai a koma ga janareta. Kowace lita ta fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na hayaƙin kabon. In rabin gidajen unguwar tamu suka ƙona lita 2 kowannensu a dare guda, an sha lita 200, an saki kilo 460 na hayaƙi, ban da ƙara da warin da suke cika lungu mai ƙunci. Shekara da shekaru jama'a sun saba da fetur mai tallafi, amma da aka janye tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Haka nan a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga rukunin masu samunta awa 20 a rana zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda. Ma'anar wannan ita ce, sanyin da soro yake bayarwa kyauta yanzu da kuɗi ake sayensa, kuma kowane wata.

5.0 Darasi Daga Masallacin Juma'a da Wasu Wurare

Babban misalin kwaskwarima a Birni shi ne Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ƙwarewar da ke cikin ginshiƙansa da bakan-gizonsa ta sa Zbigniew Dmochowski ya auna shi dalla-dalla, aka kuma gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na kankare. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta, aƙalla mutum 7 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Darasin da ya shafi batunmu shi ne, lulluɓe ginin ƙasa da sabon abu ba ya ɗauke wajibcin dubansa a kai a kai, musamman a tsakiyar damina. In gini mai wannan daraja yana bukatar haka, to ina ga zauren talaka?

A ƙasar Hausa ta Nijar akwai misalin da ya tafi ta wata hanya. A garin Dandaji na jihar Tawa, a 2018, masu tsara gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa suka mayar da shi ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji, tare da maginan garin. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, yaɓen babban masallaci aikin gayya ne na shekara-shekara wanda duk gari yake fitowa.

Dangane da kwano, birnin Ahmedabad na Indiya ya cancanci a duba shi. Bayan tsananin zafin da ya hallaka mutane fiye da 1,000 a 2010, hukumar birnin ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, sa'an nan a 2017 ta shafa wa rufin gidaje kimanin 3,000 na unguwannin talakawa farin shafe. Farin rufi yana mayar da mafi yawan hasken rana sama, kuma an ga yana rage zafin cikin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Abin da ya ba wannan aiki ƙarfi shi ne unguwa-unguwa aka bi.

6.0 Abin da Muke Ganin Ya Dace da Birni

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidajen Birni bango ɗaya yake raba su, lungu ɗaya suke zubar da ruwa, taransifoma ɗaya suke sha, inuwar bishiya ɗaya take rufe gida biyu ko uku. Bisa wannan muke ba da shawarwari kamar haka, bi da bi gwargwadon muhimmancinsu.

Na farko, ruwa. Kafin a taɓa kowane ɗaki, a bi lungu a gane inda ruwa yake fitowa da inda yake tafiya, a gyara magudanai, a keɓe kududdufan da suka rage a yashe su a kewaye su, a hana gini a kansu. Gindin kowane bangon ƙasa a yi masa dakali na dutse ko na siminti. A nan ne siminti yake da amfani.

Na biyu, rufi. Inda soro yake da lafiya, kada a kware shi. A ɗora kwano a samansa, a bar tazarar da iska za ta ratsa, a fito da bakin kwanon ya kare bango daga feshin ruwa. Ta haka an tsira daga yoyo ba a rasa sanyin ƙasa ba. Sai dai wajibi ne magini ya duba azara tukuna, kuma a bar hanyar leƙa ta daga baya. Inda kwano ne kaɗai, a sa silin, a buɗe ƙofofin iska a ƙarƙashin rufin, a shafa farin fenti a sama. Lokacin shafawa shi ne ƙarshen hunturu, bayan ƙura ta lafa, kafin bazara ta kankama.

Na uku, bango. A bar bangon ƙasa mai lafiya a inda yake, a shafe shi da makuba ko farar ƙasa, waɗanda suke barin danshi ya fita. Inda ya zama dole a sake gini, a yi amfani da matsattsen tubalin ƙasa mai ɗan siminti kaɗan, irin wanda Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana yayatawa. Injin matsa tubalin ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma bai fi ƙarfin unguwa ba.

Na huɗu, iska da inuwa. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a sa musu ragar sauro, domin iskar dare ta kwashe zafin da bango ya tara. A bar wani sashe na tsakar gida ba kankare, a dasa darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da gindin bango. Sai bayan an yi waɗannan ne ya kamata a yi maganar faifan sola, domin gidan da aka rage masa zafi ƙaramin faifai yake bukata.

Wa zai ɗauki nauyi? Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017 ta fi karkata ga sababbin gine-gine, alhali yawancin gidajen da mutanen Birni za su kwana a ciki nan da shekara 30 suna tsaye tun yanzu. Saboda haka muna ganin aikin ya fi dacewa da masu unguwanni da Sarkin Magina a ƙarƙashin Majalisar Masarautar Zazzau, tare da ƙaramar hukuma. Sashen koyar da tsarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli suna iya auna zafin ɗakuna kafin gyara da bayansa a unguwa guda ta gwaji, domin a sami alƙaluman da za a nuna wa jama'a. Mu kuma malaman kwalejojin ilimi, namu shi ne mu shigar da wannan cikin darussan fasaha da na kimiyya, mu kuma kai ɗalibai wurin tsofaffin magina tun suna raye.

Ba za mu ɓoye wahalhalun ba. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Matasa ba sa sha'awar gadon sana'ar gini da ƙasa. Gidajen gado masu magada da yawa suna da wuyar yanke shawara. Sama da duka, jama'a suna ɗaukar bulo alamar arziki, ƙasa kuwa alamar rashi, har a wurin neman aure. Wannan ra'ayi ba ya gushewa da lacca. Sai mutane sun shiga gyararren soro da azahar a watan Afrilu sun ji bambanci da jikinsu.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa kwaskwarimar da ake yi wa gidajen Birnin Zariya tana da dalilinta, amma da yake kowa nasa yake yi, jimillarta ta zama ƙarin zafi, da ƙarin buƙatar wuta da fetur, da ruwan da yake cin gindin bangon maƙwabci. Mun kuma nuna cewa gyaran da ya fi arha kuma ya fi amfani shi ne wanda ya fara da magudanar ruwa, ya bi da rufi, ya bar bangon ƙasa a tsaye. Muna roƙon mahalarta wannan taro, musamman masana gine-gine da na tsara birane, da su ɗauki unguwa guda a cikin ganuwa a jarraba wannan tsari, a auna sakamakonsa na shekara biyu, a kawo shi gaban taro irin wannan domin a tattauna.